Kafin Mu Je Roƙon A Maido Wa Direba Lasinsa

Akwai wata al'ada da ta zama mana jiki a ƙasar nan, har mun daina ganin aibinta. Da zarar an ji labarin cewa an kama ɗaya daga cikin yaranmu direbobi a kan hanya, an karɓe masa lasin tuƙi ko an tsare motarsa, sai ka ga dattawa sun zura manyan riguna, an nemo wani mai faɗa a ji, an ɗunguma zuwa ofis domin ba da haƙuri. Wani ya ce yaron maraya ne, wani ya ce matarsa ta kusa haihuwa, wani kuma ya rantse cewa kuskure ne, ba zai sake ba. Idan aka yi sa'a aka saki lasin, sai a dawo gida ana murna, ana cewa an yi aikin taimako. Mu da muke wannan rubutu mun sha shiga irin wannan ayari, saboda haka ba daga gefe muke jifa ba. Amma lokaci ya yi, 'yan'uwa, da za mu zauna mu tambayi kanmu ko wa muke taimaka wa a irin wannan tafiya, wa kuma muke cuta.

Abin da ya buɗe mana ido shi ne wani abu da ya faru da mu 'yan shekarun baya. Zumuntar mata ta ikilisiyarmu ta shirya zuwa taron gunduma, aka naɗa mu 'yan kwamiti mu nemo bas. Tambaya biyu kacal muka yi a tasha: nawa ne kuɗin, kuma mutum nawa motar za ta ɗauka. Da muka ga direban ɗanmu ne, wanda ya tashi a gabanmu, sai hankalinmu ya kwanta. A hanyar dawowa da yamma, ya nemi ya wuce wata tirela a kan kwana, ga waya a kunnensa, sai ga wata mota ta ɓullo daga gaba. Ya karkatar da sitiyari, bas ta gangara cikin rami. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma ɗaya daga cikin iyayenmu mata ta karye a cinya. Damina guda ba ta taka gonarta ba, kuma har yau da sanda take zuwa sujada.

Kashegari muka koma tashar domin a daidaita maganar kuɗin asibiti. Wani dattijon direba ya janyo mu gefe ya ce, "Malam, ai duk tashar nan babu wanda bai san hannun yaron nan ba. Ku ne dai ba ku tambaya ba." Sa'an nan ya tuna mana cewa sau biyu ana karɓe takardun wannan yaro saboda gudu da ganganci, kuma sau biyun mu ne muka je muka yi roƙo har aka sake shi ba tare da an rubuta kome ba. Ba mu da abin cewa. Ashe tasha tana riƙe da tarihin kowane direba a ka, mu kuwa da hannunmu muka hana a rubuta tarihin a takarda, inda zai yi amfani.

To, wannan tarihi na direba da muke magana a kansa, doka ta riga ta yi masa tanadi, ko da yake da yawa daga cikinmu ba mu sani ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda muka fi sani da 'yan Rod Sefti, a watan Fabrairu na 1988, a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, kuma Farfesa Wole Soyinka ne ya fara shugabantar ta. A shekarar 2007 Majalisar Tarayya ta yi mata sabuwar doka. A jadawalin laifuffukan hanya da hukumar ta fitar bisa wannan doka, kusan kowane laifi an ɗora masa abu biyu: kuɗin tara, da kuma maki. Sai dai wannan maki ba irin na makaranta ba ne da yaro kan yi murna idan ya samu da yawa. Makin laifi ne, ana tara wa direba shi a kan lambar lasinsa, kuma yawansa shi ne hasararsa.

Ga kaɗan daga cikin abin da jadawalin dokar ta 2007 ya tsara. Rashin ɗaura bel, maki 2 da tarar naira 2,000. Wuce ƙa'idar gudu, maki 3 da naira 3,000. Wuce wata mota a inda bai kamata ba, maki 3. Tuƙi da suɗaɗɗiyar taya, maki 3. Amsa waya ana tuƙi, maki 4 da naira 4,000. Bin hannun da ba naka ba, wato abin da direbobi ke kira wan-we, maki 5. Tuƙi cikin maye, maki 5. Lodin da ya wuce kima, maki 10 da naira 10,000. Tuƙin ganganci, maki 10 da naira 50,000. Har ma yunƙurin ba jami'i cin hanci an sa masa maki 10. Hukumar ta kuma bayyana matakai uku da tarin maki kan kai direba. Wanda makinsa ya kai 10 zuwa 14, gargaɗi za a yi masa. Wanda ya kai 15 zuwa 20, a dakatar da lasinsa na wani lokaci. Wanda kuwa ya kai 21 ko fiye, a janye lasin ɗungum.

Bari mu yi ɗan lissafi domin abin ya fito fili. A ce direban bas ne mai jigila tsakanin Kaduna da Kafanchan. Ran nan an kama shi yana waya, maki 4. Bayan wata biyu an same shi ba bel, maki 2, ya zama 6. Aka sake tare shi yana gudun wuce ƙa'ida, maki 3, ya zama 9. Ya wuce mota a kan tudu, maki 3, ya zama 12, ya shiga sahun gargaɗi ke nan. Daga nan aka duba tayarsa aka ga ta suɗe, maki 3, ya cika 15, lasin ya tafi hutu. Idan ka haɗa tarar waɗannan laifuffuka biyar bisa wancan jadawali, naira 15,000 ce, kuɗin da tun bayan cire tallafin mai a 2023 ba zai cika tankin bas ba. Wato da tara kaɗai ake dogara, da direba ya mai da ita kamar kuɗin tikitin tasha, ya biya ya ƙara gaba. Maki shi ne abin da ba ya bin rasit ya tafi. Kuɗin ya fita daga aljihu an wuce wurin, amma laifin yana nan a rubuce yana jiran ɗan'uwansa.

Wani zai ce, to mene ne abin tara ƙananan laifuffuka haka, tun da babu wanda ya mutu? Amsa ita ce, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda ba za ta yi kyau ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ya sunkuyar da kai ya duba waya na daƙiƙa uku ya yi tafiyar fiye da mita 80 ido a rufe, kusan tsawon filin ƙwallo, da rayukan mutum goma sha takwas a bayansa. Haka kuma idan gudun mota ya ninka biyu, tazarar da birki ke bukata kafin ta tsaya ninkawa take yi har sau huɗu. Shi ya sa aka ƙayyade wa bas da tasi kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a kan tagwayen hanyoyi na ekspres. Direban da ya saba keta waɗannan ya tsira sau ɗari, ba gwaninta ce ta tsirar da shi ba, hanya ce ta kasance babu kowa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Amfanin rubuta tarihi shi ne a gane mai irin wannan hali tun kafin ranar ɗayar ta zo.

Kuma ranar tana zuwa wa mutane da yawa. Bisa alƙaluman da FRSC ta bayar, mutum 5,081 ne suka mutu a haɗurran hanya a Nijeriya a 2023, a 2024 kuma mutum 5,421. Waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya kai ga hukuma. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanyoyin duniya kowace shekara. Mu a nan ba mu bukatar a karanta mana lissafi kafin mu yarda. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kaduna zuwa Zariya, ko gangaren Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, a makon Kirsimati, ya ga gawar motoci a gefen titi. Da wuya a sami unguwar da ba ta da gwauruwa ko maraya da hanya ta bar mata.

Ba mu kaɗai ne muke da tsarin maki ba, kuma yana da kyau mu dubi yadda yake aiki a inda aka riƙe shi da gaske. A Ingila, direban da ya tara maki 12 cikin shekara uku akan hana shi tuƙi, galibi na wata shida. Sabon direba kuwa, idan ya tara maki 6 kacal cikin shekara biyu na farko, soke lasinsa ake yi, sai ya koma ya sake jarrabawa tun daga tushe. Tun 2017 amsa waya da hannu ana tuƙi maki 6 ne a can, wato laifi ɗaya ya isa ya mai da sabon direba ɗan koyo. Laifin yakan zauna a tarihin direba shekara 4, manyan laifuffuka irin su tuƙi cikin maye kuma har shekara 11. Kamfanin inshora yakan tambayi wannan tarihi kafin ya yanka wa mutum kuɗin da zai biya, kuma mai neman ɗaukar direba aiki yana iya dubawa idan direban ya ba shi izini. Saboda haka mai mugun hannu yana ji a aljihunsa shekara da shekaru, mai hankali kuma yana cin ribar hankalinsa.

Faransa ta bi ta wata hanya dabam. Tun shekarar 1992 akan ba direba maki 12 a hannu, duk laifin da ya yi sai a zaftare wani abu, idan suka ƙare lasin ya mutu. Lokacin da aka fara tsarin, direbobin manyan motoci sun toshe hanyoyin ƙasar kwana da kwanaki don nuna ƙin yarda, amma tsarin ya zauna har yau. Abin da ya fi burge mu a nasu shi ne ƙofar gyara da suka bari a buɗe. Direban da ya yi wasu shekaru bai sake laifi ba makinsa kan dawo, kuma yana iya zuwa kwas na kwana biyu a mai da masa har maki 4. Wato littafin yana tunawa, amma ba ya riƙon mutum har abada. Wannan shi ne daidai, domin manufar horo ita ce mutum ya gyaru ya koma bakin aikinsa.

To, me ya sa mu namu tsarin bai cika tsorata kowa ba, alhali yana nan a rubuce? Mun ga ramuka huɗu da tarihin direba ke zurarewa ta cikinsu, kuma a kowane rami akwai hannunmu.

Na farko shi ne sasantawa a bakin hanya. Duk laifin da aka kashe da ɗan abin da aka dunƙule a tafin hannu, ba a rubuta shi ba, kuma abin da ba a rubuta ba, ba ya zama maki. Mukan zargi jami'ai, kuma inda suka karɓa sun cancanci zargi. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sau nawa mu fasinjoji muke ɗaga murya daga bayan mota muna cewa, "Direba, ka sallame su mu tafi, rana tana yi"? Ka'ida ita ce a rubuta wa mai laifi takarda ya je ya biya ta banki, ko kuwa idan bai yarda ya yi laifin ba, a je gaban kotu. Duk abin da ya saɓa wa wannan, goge tarihi ne.

Na biyu shi ne lasin na biyu. A da, direban da aka karɓe wa lasin a wannan jiha sai ya tsallaka wata jihar, ya canja harafi ɗaya a sunansa, ya dawo da sabo fil. Don toshe wannan ne aka fito da sabon lasin a 2011, a zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, wanda sai mutum ya je da kansa an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa an shigar a kwamfuta. Amma har yanzu akwai masu miƙa kuɗi da hoto ga wani ɗan kamasho su koma gida su jira a kawo musu kati. Wanda ya yi haka yakan tashi da jabu a aljihu, katin da babu shi a rumbun hukuma, kuma tuƙi da takardun jabu shi ma laifi ne mai maki 10. Iyaye da ke saya wa 'ya'yansu lasin ta wannan hanya, ba tare da yaron ya shiga makarantar koyon tuƙi ko jami'an VIO sun gwada shi ba, su san abin da suke saya.

Na uku shi ne inshora. Tun watan Janairu na 2023 aka mai da kuɗin inshorar dole ta ƙaramar motar gida naira 15,000 a shekara, daga naira 5,000. Kuɗin kuwa ɗaya ne ga kowa. Dattijon da ya shekara talatin yana tuƙi bai taɓa taka ko kaza ba, da saurayin da ya kifar da mota biyu, farashinsu guda. Muddin haka abin yake, kyakkyawan tarihi ba shi da lada a kasuwa, mummuna kuma ba shi da hasara.

Na huɗu, wanda ya fi shafarmu, shi ne roƙo da rashin tambaya. Mu ne masu ɗaukar shatar mota don biki, da jana'iza, da taron matasa, da kai amarya. Makarantunmu da asibitocinmu da ikilisiyoyinmu suna da motoci, suna kuma ɗaukar direbobi aiki. Idan za mu ɗauki ma'aji, sai mun bincika ko yana da dogon hannu. Idan za mu ba da 'ya aure, sai mun aika a binciko asalin gidan. Amma wanda za mu damƙa wa rayukan yaranmu talatin, iyakar bincikenmu shi ne, "Ai ɗan gidan wane ne."

Mun san akwai magana mai nauyi a ɗaya gefen, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Direban haya ba ɗan albashi ba ne. Abin da ya samo yau shi za a ɗora a murhu da dare. Idan aka dakatar da lasinsa wata uku, ba shi kaɗai aka dakatar ba, har da matarsa da 'ya'yansa da kuɗin makarantarsu. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ke tura dattawa zuwa roƙo. Amma mu auna da kyau. Dakatarwa tana da ranar ƙarewa. Uwarmu da ta karye a cinya, nata ba shi da ranar ƙarewa. Fasinjan da ke bayan mota shi ma yana da 'ya'ya, kuma bai san tarihin wanda ke riƙe da sitiyari ba, ya dai biya kuɗinsa ya ba da amana. Idan muka roƙa aka saki direba mai ganganci, mun ji tausayin wanda muke gani a gabanmu yana hawaye, mun manta da mutum goma sha takwas da ba su zo ofis ɗin ba domin ba su san za a yi shawara a kan ransu ba. Shi kansa direban ma ba mu yi masa gata ba, gama shi ne ke zaune a kujerar gaba.

Idan da gaske tausayi ne ya motsa mu, akwai inda za mu kai shi. Mu bar hukunci ya yi aikinsa, mu kuma mu ɗauki nauyin gidan. A kai musu kwanon masara, a biya wa yaro kuɗin makaranta na zango ɗaya, a nema wa direban aikin hannu a gareji ko a gona kafin wa'adinsa ya cika. Wannan ya fi zuwa ofis wuya, domin roƙo bakinmu kawai yake ci, wannan kuwa aljihunmu zai taɓa. Amma shi ne taimakon da ba ya jawo makoki a wani gida.

Akwai kuma magana ta biyu da direbobi kan yi, cewa ba su kaɗai ne masu laifi ba. Mai mota ya yanka musu balas mai yawa da za su kawo kowace yamma, ga kuɗin mai, ga kuɗin tasha, ga hanya duk ramuka. Idan ba su yi lodi ya wuce kima ba, ba su kuma yi sawu uku a maimakon biyu ba, ba za su tashi da kome ba. Idan taya ta suɗe, mai mota ne ya ƙi saya, amma lasin direba ne ke ɗaukar maki. Wannan ƙorafi yana da tushe. Shi ya sa muke ganin bai kamata tarihi ya tsaya a kan direba kaɗai ba. Motar da aka kama da lodin wuce kima sau uku a hannun direbobi uku dabam dabam, ai ba sai an faɗa ba, matsalar tana gidan mai ita. Tun watan Fabrairu na 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu, kuma sanya ta aikin mai mota ne. Masu motoci da ke cikinmu, waɗanda ke zama a kujerun gaba ranar Lahadi, su duba balas ɗin da suke yanka wa yaransu, su tambayi kansu ko mutum zai iya kawo shi ba tare da ya karya doka ba.

Magana ta uku ita ce tsoron zalunci. Idan maki zai iya raba mutum da sana'arsa, to mugun jami'i ya sami sabuwar sandar tatsar talaka. Wannan ma abin dubawa ne, kuma maganinsa shi ne haske. Muna kira ga hukuma da ta tabbatar kowane direba yana iya sanin yawan makinsa a duk lokacin da ya so, ko ta wayarsa. A sanar da shi a rubuce da zarar ya shiga sahun gargaɗi, kada dakatarwa ta faɗo masa kamar aradu. A bayyana masa a fili, da Hausa da sauran harsunan da direbobi ke ji, tsawon lokacin da maki zai zauna a kansa da abin da zai yi ya wanke sunansa. A kuma sauƙaƙa masa hanyar kai ƙara idan an yi masa ƙage. Sa'an nan dokar ta hau kan kowa. Idan direban bas zai rasa lasinsa saboda bin wan-we, to mai baƙin gilashi da jiniya ma ya rasa nasa. Ranar da talaka ya ga an dakatar da lasin wani babba, ranar zai yarda cewa littafin na gaskiya ne.

Ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da sauran masu riƙe da tashoshi, ku kun fi kowa sanin hannun kowane direba. Kun san mai shan ƙwaya kafin ya tashi, kun san wanda ba ya barci, kun san wanda aka karɓe wa lasin amma yana lodi da na ƙaninsa. Kada ku bar wannan sani ya tsaya a hirar rumfa sai bayan an yi haɗari a ce dama mun faɗa. Wanda hukuma ta dakatar, kada a ba shi layi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mu kuma sauran jama'a, abin da ke wuyanmu ba shi da wahala. Kafin kwamiti ya biya kuɗin shata, a ce direba ya nuna lasinsa, a duba ko nasa ne, ko bai ƙare ba, ko kuma ajinsa ya dace da irin motar da zai ja, gama lasin ƙaramar mota ba na jan babbar bas ba ne. Hukumar FRSC tana da shafi a intanet inda ake tantance lambar lasin, kuma yaranmu masu waya za su iya yin wannan cikin minti kaɗan. A je tasha a tambayi dattawan direbobi, a kuma tambaye su a keɓe. A zagaya motar a dubi tayoyi. A ƙirga kujeru, kada a ɗora mutum ashirin da biyar a motar goma sha takwas don a rage kuɗi, domin idan muka yi haka mu ne muka jawo wa direban maki 10 da hannunmu. A naɗa dattijo ɗaya ya zauna gaba, wanda zai iya cewa, "Ɗana, rage gudu," a kuma ji maganarsa. A riƙe lambar 122, wadda ita ce lambar kiran gaggawa ta hukumar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga 'yan'uwanmu direbobi, ba da ƙiyayya muka yi wannan rubutu ba. Ku ne ke kai mu asibiti da tsakar dare, ku ne ke kai amfanin gonarmu kasuwa, kuma da yawa a cikinku sun tsufa a kan sitiyari ba su taɓa zubar da jinin kowa ba. Irin waɗannan su ne tsarin maki zai fi amfana, domin yau ba su da wata takarda da za ta bambanta su da ɗan ganganci. Lasin da ba shi da tabo dukiya ce, kamar yadda sunan kirki yake dukiya ga ɗan kasuwa. Ku tsare shi. Idan an rubuta muku takarda bisa gaskiya, ku biya ta hanyar da doka ta ce, ku ɗauke ta a matsayin jan kunne, ku ƙirga makinku kamar yadda kuke ƙirga cinikin yini. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana.

Shi wancan ɗan namu, bayan haɗarin ya yi wata shida bai taɓa mota ba. A wannan karon babu wanda ya je roƙo, sai dai an riƙa kai wa iyalinsa abin da ya sawwaƙa. Yanzu ya koma tuƙi, kuma dattijon nan na tasha ya shaida mana cewa hannunsa ya yi sanyi. Da mun bar shi ya sha wannan horo tun karo na farko, watakila da uwarmu tana tafiya da ƙafafunta biyu. Wannan tunani ba ya barinmu duk ranar da muka ji ƙarar sandarta a bakin ƙofa.

Saboda haka, idan gobe aka zo aka ce mana mu tashi mu je roƙo an kama ɗan wane, mu fara tambaya tukuna: me ya yi, kuma karo na nawa ke nan? Idan zalunci aka yi masa, mu tsaya masa har gaban alƙali. Idan kuwa halinsa ne, mu ajiye manyan rigunanmu, mu ɗauki kwanon hatsi mu nufi gidansa. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai kowane matafiyi gida lafiya.